Wata Uku Ina Zagaye Fuskar Murmushi

Akwai wani lokacin sanyi da ba zan taɓa mantawa da shi ba, na shekarar da gwamnati ke ta yanke-yanken kuɗin da take kashewa. An rufe laburaren unguwarmu, an rage wa maigidana awannin aiki, kowa a Manchester fuska a ɗaure. Ni kuwa hankalina kwance yake, don an saka 'yata Rahila, mai ciwon sikila, cikin wani binciken magani a Birmingham.

Masu binciken suka ba ni littafi. Kowace rana da layinta, da fuskoki biyar a jere, daga mai murmushi har mai kuka, in riƙa zagaye wadda ta yi daidai da jikin yarinyar. Na karɓi aikin hannu bibbiyu (ni da sai da na haihu biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci, yau ga likitoci suna jiran rubutuna).

To mu a gida, ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, in aka ce ya jiki, "da sauƙi" zai ce. Haka aka rene ni. Kullum sai in dubi Rahila, in gode wa Allah, in zagaye mai murmushi.

Bayan wata uku muka hau jirgin ƙasa zuwa asibitin binciken da ke unguwar Edgbaston a Birmingham. Likitar ta tara ɗalibanta, ta buɗe littafina, ta ce tunda babu ciwo ko na yini ɗaya, ba sai an ƙara ƙarfin maganin ba. Ina ta sunkuyar da kai irin na wadda ake yabo. Sai wata nas, Bahaushiyar Kumasi, ta ɗago takardar da asibitinmu na Manchester ya aiko.

"Maman Rahila, a nan an ce sau biyu aka kwantar da ita. Ranar da aka yi mata ƙarin jini, wace fuska kika zagaye?"

"Mai murmushi."

"Murmushin take yi?"

"Kuka take yi. Amma ai da sauƙi, tunda mun koma gida."

Ta fassara musu. Biron kowa ya tsaya. Rahila ta ja hula ta rufe fuska ta ce, "Mum, seriously?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nas ɗin ta dafa ni tana danne dariya. "Yaya, wannan amsar ta 'yan dubiya ce. Mu in kin ɓoye mana, yarinyar ce za ta sha wuya."

Aka ƙara maganin, aka ba ni sabon littafi. A jirgi na yi ta tunani: Allah ya san ciwon ko ban faɗa ba, likita kuwa baiwar Allah ce, sai an gaya mata.

Washegari da safe na miƙa wa Rahila littafin. Ta zagaye fuska ta huɗu. Na buɗe baki zan ce ai bai kai haka ba, sai na rufe abina, na je na ɗora ruwan gasa mata gwiwa.