Rasuwar Mai Kofi Uku, Ma'auniyar Iskar Gidana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da ba ni da niyyar haɗiyewa, ni Hure, innar Muhsina, nake sanar da rasuwar Mai Kofi Uku, na'urar auna iska da ta zauna bisa katangar gidana a ƙauyenmu na ƙasar Anka.

Ina Gummi wajen sunan ɗiyar ƙanwata, maƙwabciyata Habsu ta aiko ta bakin direba cewa an jefe Mai Kofi Uku. Na bar tuwon shinkafa bisa wuta na hau mota.

Wasu ma'aikata daga birni ne suka kawo marigayiya, bayan injin Makau na niƙa dutsen zinariya ya sa yaran unguwa tari. Shugabarsu Lauratu ta ce aikin na'urar shi ne ta auna ƙarfin iska da inda ta fito, rani da damina, har shekara ta zagayo. Sannan a zuba lissafin cikin kwamfuta, ta zana inda ƙurar injin da hayaƙinsa ke sauka. Da wannan zanen za a je wa hukuma a fitar da injin daga cikin gidaje.

Marigayiya ba ta ci, ba ta sha, ba ta gulma. Maganarta ɗaya ce, fir-fir-fir. In wutsiyarta ta nuna iska daga wajen injin take, sai in rufe randa in shigar da Muhsina ɗaki.

Ta yi jinya, ƙura ta shiga wuyanta har ta koma ƙii-ƙii. Na hau tsani da kaina na ɗiga mata man gyaɗa da gashin kaza, ta warware. Ba ciwo ya kashe ta ba. Damina ce ta yi jinkiri, Makau ya bi majalisa yana cewa juyin da take yi ne ke kore hadari. Maza masu gemu, waɗanda 'ya'yansu ke tari irin na tawa, suka taru da duwatsu. Washegari kuma aka yi ruwa. Har yau suna yi wa Makau godiya.

Ta rasu ta bar sandar ƙarfe, da guntun waya, da kwamfuta can birni mai riƙe da lissafin da bai cika ba. Lauratu ta ce ba a zane da shi, kuma ba su da wata na'urar. Marigayiya ta bar Muhsina tana tari.

Makau, Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba, kada a aiko mini dattawa. Allah ya juya iska ta kwana a ɗakinka.

Za a binne abin da na tsince ranar Jumma'a bayan la'asar, a gindin sandarta. Mata su zo. Duk hannun da ya ɗauki dutse ya zauna gida, ba ni da tabarmarsa.

Kofi biyu za a binne, na ukun yana wurina. Kullum da safe nakan share ƙurar da ta kwanta bisa murfin randata in tara a ciki, in taka har ƙofar zauren Makau, in juye masa kayansa.