Yadda Za Ka Saita Manhajar Fassara Har Oga Ta Rantse Kana Jin Faransanci

Ka ce musu kana jin Faransanci suka ɗauke ka aiki, alhali daga "bonju" ka ƙure? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, wallahi kujerarka ba ta motsi. Ni na horar da Badaru, maƙwabcina a Lugbe, mai kula da baƙin ƙasashen waje a wata hukuma.

1. Sauya harshe

Da Turanci manhajar take zuwa, sai ka ce ba ta san hannun wa ta faɗo ba. Shiga saiti, sa Hausa a sama, Faransanci a ƙasa. Kada ka yi a ofis. Bari sai kun maƙale a cunkoson hanyar filin jirgi, inda kowa ke ta kansa.

2. Ƙure ladabi

Akwai wurin zaɓen salon magana. Tura shi can ƙarshe. Badaru ya taɓa rubuta "ba mu gama aikin ba", ta mayar masa da rabin shafi na godiya. Daraktarsa, Madam Felicity, ta ce, "Badaru, wannan Faransanci naka ya yi nauyi o!" Ita ma ba ji take ba, to wa zai kama wa?

3. Ɓoye murya

Muryarta ta asali irin ta masu kiran fasinja a tashar Zuba ce. Mayar da ita iyafis, ɗan abin sauraren nan da ake saƙalawa a kunne, ka ja hula ta rufe kunnen. Tana raɗa maka, kana gyaɗa kai a hankali. Masana ba sa saurin gyaɗa kai.

4. Kunna sauraro kai tsaye

Duk abin da ta ji za ta juya, na baƙo zuwa Hausa, naka zuwa Faransanci. Ka huta da danne-danne. Sai dai baiwar Allah ba ta bambance jawabi da gulma.

5. Hana bulutut bin tsohon sani

Wannan matakin sabo ne, jiya na ƙara shi. Waya takan koma wa duk sifikar da ta taɓa haɗuwa da ita, Badaru kuwa da wayarsa aka sa kiɗa a zauren taro ranar walimar ritayar wani.

Ran nan baƙi suka zo daga ƙetare, aka zauna a wannan zauren. Jagoransu, wani dattijo Malam Datti, ya miƙe ya kama jawabi da Faransanci ba ƙaƙƙautawa. Muryarsa ba ta fita sosai, aka kunna sifika. Daidai lokacin Badaru ya sunkuya yana ƙunƙuni: "Kai, tsohon nan akwai surutu, ga shinkafa na hucewa."

Sifika ta ɗauka, ta shelanta wa zaure da Faransanci, cikin cikakken ladabi. Madam ta zaci fassara aka fara, ta kama tafi ita kaɗai.

Dattijon ya cire tabarau, ya dubi Badaru, ya ce da Hausa tsantsa, "Ɗana, da ba ka wahalar da wayar ba, tun daga bakinka na ji. Daga Maraɗi muke. Da ka gaishe mu da safe, ai da tuni mun ci shinkafar."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, tsakaninka da wayarka ne, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Mai neman shaida ya tafi Yangoji, can aka mayar da Badaru duba gonakin doya. Ya ce in gaya muku yanzu ko akuya ya gani sai ya fara gaishe ta da Hausa.