Ramin Bakin Lungunmu Ya Yi Rana

Ranar Talata na fita kasuwa neman zaren siliki, na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan yana can cikin ramin da Mai Girma Uban Alƙawura ya sa aka haƙa a bakin lungunmu shekara uku da suka wuce, da sunan magudanar ruwa. Allah ya ƙara masa hangen nesa.

Ni maɗinkin hannu ne. A hannuna akwai babbar rigar Alhaji Abdulbaƙi, wadda zai sa ranar Juma'a wajen sunan jikansa, ga shi zare ya ƙare ana tsakiyar aiki. Shekara arba'in ban taɓa saɓa ranar da na ba mutum ba.

'Yata Raihana, malamar makaranta, ta ce, "Baba, bari in sayo maka ta waya."

Na ce, "Zaren da ban murza a yatsa ba? Wa zan yi wa tayi, wa zai ce mini albarka?"

Ta ce, "To, Baba, wa zai tsallakar da kai ramin?"

Ta ɗauki wayarta, ta danna abin da za ta danna.

Ranar Alhamis da hantsi mai kawo saƙon, wani magidanci wai shi Ashiru, ya kira yana tambayar lambar gida. Alhamdu lillahi, hukuma ba ta rage mu da komai ba: lamba uku ce a ƙofarmu. Ja ta masu ƙirgar gidaje, shuɗiya ta waɗanda suka yi alƙawarin famfo, sai ta ƙarfe daga kwamitin da aka yi wa bikin ƙaddamarwa da rumfuna da naman kaji. Na karanta masa duka ukun a tsanake. Bawan Allah ya yi sallama a gida uku a Ƙofar Kibo, babu nawa a ciki.

La'asar ta yi, riga na kallona. Ya sake kira: "Baba, don girman Allah, me ke kusa da ku?"

"Ka san ramin nan?"

"Wanda akuyar liman ta kwana a ciki? Haba Baba, ai da tun safe ka faɗa!"

Kafin in gama alwala ya iso, ya jefo mini ƙunshin daga tsallake. Zaren ba laifi. Alhaji ya sa rigarsa.

Jiya na ji Mai Girma a rediyo yana cewa ci gaban da ya kawo ne ya sa mutanen birni ke sayayya ta waya. Ni shaida ne, gaskiya ya faɗa.

An ce zaɓe ya matso, za a cike ramin. Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a bar mana shi, shi kaɗai ne adireshinmu da ke aiki. In kuwa ya zama dole, a fara ciro mini takalmina. Ƙafar hagu ce.