Ranar da Inna Ta Ƙi Faɗin Sunana a Ofishin Inshora

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai mahaifiyata ofishin inshorar lafiya a unguwar Al Qusais da ke Dubai. Ta yi ritaya daga aikin unguwarzoma, ciwon sukari ya sako ta a gaba, fanshon kuma sai an ga dama. Na ɗauko ta ta zauna da ni a Dubai. Doka ta ce in babu inshora babu bizar zama, sai dai ta koma gida da ciwonta.

Ranar na sha kwat, na fesa turare (kamar ni zan ba su inshorar). Tun a jirgin metro nake cika baki: "Inna, ke dai ki yi shiru, ni zan yi magana."

Ma'aikaciyar ta saurari Turancina har ta gaji, sannan ta ce, "Khalas, ya isa haka, ɗan'uwa. Mama ta faɗi sunanka da bakinta, in tabbatar ɗanta ne kai."

Ni ne ɗan fari, kuma saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni. "Kai" nake, ko "wancan".

Na fassara wa Inna. Ta kau da kai, ta ce, "Ka ce mata ban sani ba."

Na shiga yi wa matar laccar al'adun Hausa, gumi na keto mini, masu layi suna kallona kamar wanda ya sato tsohuwar mutane. Matar ta fara tattara takardunmu za ta mayar mana. Na durƙusa da kwat ɗina na ce, "Inna, don Allah, maganinki ne fa."

Ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗi sunana a hankali.

Wallahi ban san akwai kuka a cikina ba. Na fashe da shi har da majina, mai gadi ya kawo mini ruwa. Inna ta ce, "Tashi, kana ba ni kunya."

An yi mata rajista. Tun daga nan na daina cika baki a gaban Inna. A hanyar gida na roƙe ta ta maimaita, ta ce in jira baɗi, in an zo sabunta inshorar.