Nomau da Garkuwar Kakansa

Nomau dai mutumin Ruwan Tsamiya ne, ƙato, ga ƙarfi kamar ingarma, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Su biyu ne a gida, shi da tsohuwarsa Iya Tasalla, sai wata garkuwar fata ta kakansa da ke rataye a zaure. Da masu fim suka sauka garin za su ɗauki labarin yaƙin zamanin da, Iya ta ce ita burinta ɗaya, ta ga ɗanta a talabijin kafin ta koma ga Allah. Nomau ya saɓi garkuwa ya tafi, aka sa shi cikin dakaru. Sauran dakaru ta kwali aka raba musu, suka yi ta yi masa dariya, wai ya cizgo ƙyauren ɗaki.

Daraktan wani siriri ne mai faɗan tsiya, ana ce masa Sabi'u, so yake komai ya fito kamar gaske. Har kibau masu bakin ƙarfe ya aro wurin maharba don a haska su a kyamara. Na harbi kuwa kara ne, da auduga a baki.

Wata rana ya ce wa Nomau, "In kibiya ta taɓa ka, ka faɗi ka mutu. Kada ka motsa sai na ce ka tashi." Kibiya ta taɓa shi, ya zube rim. Aka gama, aka tafi cin abinci, Sabi'u ya manta da shi. Har la'asar bawan Allah yana kwance cikin rana, awaki na lasar zoɓon da aka zuba masa a matsayin jini. Iya ta biyo sawu, ta ce, "Kai Nomau, tashi ka ci tuwo!"

Bai ko buɗe ido ba ya ce, "Iya, na mutu. Ki kira Yallaɓai."

Wata rana kuma aka sa shi gadin ƙofar ganuwa, aka ce kada ya bar kowa ya shiga. Mahara suka taho da ihu, Nomau ya tokare ƙofa da garkuwa, duk wanda ya zo sai ya koma da baya yana dafe da goshi. Sabi'u ya yi tsalle ya dire. "Kai, a labarin nan fa an ci garin!"

"Ba dai a hannuna ba, Yallaɓai."

Sabi'u ya rantse in ya ƙara ɓata masa aiki zai yanke shi daga fim ɗin kakaf. Nomau ya tuna burin Iya, ya ce ba zai ƙara ba.

Ranar ƙarshe aka ba shi aikin da ko yaro zai iya. Sabi'u ya tsayar da shi gefen Mudi, mai fitowa a sarki, ya ce, "Kai dogarinsa ne, ka tsare shi, shi ke nan." Ba wanda ya tuna ya gaya masa a nan ne ake harbe sarki. Maharbi ya ɗana kibiya ya saki, Nomau ya yi wuf ya sha gaban Mudi. Ƙwas!

"Fita!" in ji Sabi'u. "Wallahi na kore..."

Sai ya matso ya duba. Kibiya ce kafe a garkuwa tana rawa, kara kuwa ba ya huda fata. Ashe mai bakin ƙarfe ce ta cakuɗe cikin kwarin maharbin. Mudi ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Sabi'u ya shafa garkuwar, ya ce, "To, sarki bai mutu ba. A canza labarin."

Da fim ya fito, aka taru kallo a shagon mai shayi, Iya a sahun gaba. Da aka zo wurin harbin sarki, ba a ganin komai na Nomau sai garkuwa da ƙafafu biyu a ƙarƙashinta. Iya ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

"Ga shi can! Ɗana ne wallahi, ko cikin dubu na san fason nan!"