Kwalbar Inna Kulu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai Argungu ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba, don har jikokina sun ji labarin a bakinsu.

Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato, ni kuwa ina ƙaramin akawu a ofishin gona. Aikina jera fayil, kuma na ɗauki tsari da zafi fiye da wanda ya ɗauke ni aikin. In na shiga ɗakin mutum na ga takalmi ɗaya gabas ɗaya yamma, sai jikina ya kama ƙaiƙayi. (Abokan aiki suna kirana Bature, ni don wauta ina jin daɗi.)

Yarinyar da nake nema, Balkisu, 'yar Argungu ce. Mahaifinta Alhaji Bawa manomin shinkafa ne marar yawan magana, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ga kuma wani ɗan kasuwar albasa mai a-kori-kura yana sintiri a ƙofar gidan. Ni babur gare ni, shi ma sai an tura. Sai na ce bari in bi ta hannun kakarta, Inna Kulu, mahaifiyar Alhaji, wadda ba a tsallake maganarta a gidan. Tun zuwan farko ta laƙaba mini “angona”, irin wasan kakanni, ni kuma ban taɓa zuwa mata hannu rabbana ba.

Wata Asabar na kai mata goro na tarar tana kwance wani ƙullin tsumma. A ciki 'yan ambulan ne na asibiti, sun yi daƙal-daƙal da maiƙo, kowace da 'yan zane-zanen biro. Ta nuna mini na hawan jini, na kumburin ƙafa, na ciwon gwiwa. Ba ta karatun boko, amma ta san mai yagaggen kunne ta safe ce, mai jan goro kuma sai gwiwa ta motsa. Ni ban ga hikima ba, ƙazanta na gani. Mako na zagayowa na zo da kwalbar alewa na wanke ta fes, na zazzage magungunan duka a ciki, na jefa ambulan murhu. Kusan duk farare ne, sai suka yi kyau kamar gyararriyar shinkafa. Da ta tambaye ni yadda za ta riƙa gane su, na ba ta fatawar da har yau in na tuna nake jin kunya: wai magani ai magani ne, tunda asibiti ɗaya ya ba da su. Ta sa mini albarka. Na hau babur ina ganin na gama da mai albasa.

Ana nan sai Alhaji ya aiko in zo ya gan ni a gaban manya kafin ya yanke magana. Na ɗauko ƙanin mahaifiyata, Kawu Mani, na sha babbar riga da wando shuɗi mai haske. (Ku riƙe launin nan, launi ne da ba ya rufa wa bawa asiri.) Bazara ce, rana ta gasa mu tun daga Birnin Kebbi. Kafin dattawa su hallara na leƙa wurin Inna. Na ga ta faɗa, in za ta miƙe sai ta dafa bango, na ce a raina tsufa ne. Garin neman abin faɗa na ce mata kaina na sarawa.

Ai kuwa ta janyo kwalbar, ta karkaɗa, ta zubo biyu a tafin hannuna. To in ce me? In ce ban san ko na mene ne ba? Ni na haɗa su. In ƙi kyautar kakar amarya ranar da ake duba tarbiyyata? Na watsa su baki na bi da moɗa guda ta ruwan randa. Ta ƙara mini da fura, wai angonta ya rame.

A zaure muka zauna, Alhaji bisa buzu, liman a damansa, dattawan unguwa sun jeru. Ba a gama gaishe-gaishe ba na ji mara ta fara magana. Na ce furar ce, za ta lafa. Ba ta lafa ba. Na gyara zama, na sake gyarawa, na harɗe ƙafafu kamar mai ɗaukar karatu. Liman kuwa ya ɗauko tarihin kakannin gidan tun daga masunta, ba ya tsallake kowa. Can waje wani bawan Allah ya kama alwala, ruwan buta na tsiyaya a hankali, wallahi na tsani mutumin nan ban ko ga fuskarsa ba.

Na raɗa wa Kawu cewa ina son zagayawa. Ko kallona bai yi ba.

“Gidan surukai na,” ya ce ta gefen baki. “Ka matse.”

Na matse. Zufa ta wanke ni, dattawa suna gyaɗa kai suna yaba kunyar yaron. Daidai nan Alhaji ya ce in matso. Na taso a duƙe, na isa gabansa na durƙusa kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Wanda ya ƙirƙiro durƙuso bai yi shawara da mai cikakkiyar mara ba. Gwiwata na taɓa ƙasa, abin da nake riƙo ya ƙwace.

Daɓen zauren a goge yake, kuma gangarensa wajen buzun Alhaji ya nufa. Na bi abin da ido yana tafiya, na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Alhaji, Allah ya ji ƙansa, dattijo ne: ya miƙa ƙafa kamar ba da gangan ba ya ture butarsa, ruwa ya malale a kai, ya ce yaran gidan nan ba su iya ajiye buta ba. Saura kaɗan asiri ya rufu. Ashe Inna Kulu na laɓe a ƙofar ciki tana kallon angonta.

“Bawa, bar ɓarnar ruwa,” ta ce da murnarta. “Magani na yak kama shi. Ni ma haka shika yi min, wata rana ko ƙohwar ɗaki ban kaiwa.”

“Wane magani, Inna?”

Ta fito da kwalbar daga zanenta tana ƙyalli. Alhaji ya juya ta a hannu, ya tambayi wanda ya zuba su wuri guda.

“Angona na. Yaro mai tsabta.”

Dariyar da dattawa suke dannewa ta mutu a nan, don fuskar Alhaji ta canja. A hankali ya faɗa wa liman cewa kwanakin nan jiri ke ɗibar tsohuwar, har ta faɗi a bakin rijiya, an yi rubutu an yi hayaƙi ana zaton iska ce. Wannan ta fi jiƙaƙƙen wandon ƙona mini rai. A ranar aka kai ta asibiti da kwalbar. Malamin asibiti ya ce wata rana maganin fitar da ruwa take ninkawa, wata rana ko na hawan jinin ba ta dacewa da shi. Ya zubar da su duka ya ba ta sababbi, a cikin irin ambulan da na ƙona.

Ni kuwa na koma gida cikin aron wandon Alhaji, iyakarsa ƙwauri. Kawu Mani ya ƙi hawa babur ɗina, mota ya bi.

Na riga na sallama Balkisu ga mai albasa. Amma Inna ta warware, ta kafe ita angonta take so, sai ga saƙon Alhaji ta bakin Kawu: “A hwaɗa mai na ba shi. Da bai jiƙa min zaure ba, da sai uwata ta tahi ba mu san mi yak kashe ta ba. Amma kar in sake ganin hannunai bisa maganin kowa.”

Yau ni ne tsohon, da nawa na hawan jinin da na gwiwa, kowane cikin takardarsa, komai dattinta. Ba na ba kowa nawa, ba na karɓar na kowa, ko da surukai ne. Kwanan baya wata jikata ta zo da 'yar roba mai kyau za ta gyara mini su, na daka mata tsawar da ta sa ta saki robar. Balkisu ta yi ta dariya, ta ce a ƙyale yarinya, gado ta yi.

Cikin kayan da Alhaji ya yi wa 'yarsa kuwa, har da sabuwar buta, ya ce wannan ta ango ce.