Takin Gidan Turai

"...da gajiya, da rana, da nauyin tsufa. Shigo mana, ka tsaya a zaure kamar mai karɓar haraji."

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Tsufa kuwa a gidan nan nake tarar da shi. Matsa, kar buhu ya ture ki a ce na yi kisan kai."

Malam Mustafa ke nan, taubashin Turai, ɗan ƙanwar mahaifinta. Tun suna yara take kiransa bawanta, don ita 'yar namiji ce shi ɗan mace, kuma furfura ba ta sa ta 'yanta shi ba. Sana'arsa aske shinge da yankan ciyawa a manyan gidajen da ke bayan Ƙofar Kabuga. Abokan aikinsa sukan tara ganyen da suka yanke su cinna masa wuta, ko su tura shi kwata. Shi kuwa ya ce ba za a ƙona abinci a gabansa ba. Sai ya tsince wanda dabba ke ci ya cusa a buhu, ya ɗaure a bayan keke, duk Asabar ya shigo Yakasai ya zube wa akuyar Turai, ya kwashi kashinta ya koma ya zuba wa furanni.

Abin da bai sani ba, akuyar ta kusa mako biyu da barin duniya. Ita kuwa Turai, tun da maigidanta ya rasu 'ya'ya suka watsu garuruwa, gidan ya yi mata girma. Ɗakuna duk a kulle, waya sai an ga dama. Kaɗaici ya ishe ta, kuma duk faɗin Kano Mustafa ne kaɗai ke sallama ya zauna ya tsokane ta har la'asar. Ta yi tunaninta ta gama: in babu akuya babu taki, in babu taki babu abin da zai ƙara shigo da shi lungun nan. Don haka makon jiya ta ce masa an kai akuyar barbara. Wannan makon kuma ta lallaɓa gidan maƙwabcinta mai jakunan yashi ta sharo kashinsu, ta zauna tana mulmula shi ƙanana-ƙanana kamar mai yin gullisuwa, ta shanya.

Mustafa ya sauke buhu, ya dubi turke.

"Ina amarya? Har yau ba ta dawo daga gidan miji ba?"

"Ta dawo. Tana ɗaki, ta shiga kulle."

"Akuya ce da kulle?"

"'Yar manyan mutane ce. Ba kowane bawa ne ke ganin fuskarta ba."

"Bawan da ke ciyar da ke da ita? Ke Turai, in ban zo ba ko ƙadangare ba ya kwana a gidan nan da ƙoshi."

"Ji shi! Wai mai aski. Mutane na aske manyan mutane, kai ka ƙare a aske bishiya. Ko don ita ba ta iya cewa ka ɓata mata kai?"

"Bishiya ba ta surutu. Da ke shinge ce da tuni na fara ta wajen baki."

"Da waɗanne hannuwan? Almakashin ma na ji an ce shi ke riƙe da kai."

"Wanda ya gaya miki makaho ne irinki. Ranar nan fa kika gaida randa, kika tambaye ta ya yara."

"Kai na zata. Tumbin iri ɗaya ne."

Ya yi dariya har da tari. Ita ma ta dara, amma idonta na kan buhun takin da ta jingine a gindin bango. Ta kawo masa kunun tsamiya da sauri don ya shagala. Ya sha rabi, ya ajiye kofin, ya jawo buhun kamar yadda ya saba, ya zura hannu ya ɗebo. Ya duba. Ya murje guda ɗaya a tafinsa, sai ga ɓurɓushin kara da ƙaiƙayi.

"Turai."

"Mene ne kuma?"

"Akuyar nan taki, tana kuka da asuba har unguwa ta tashi?"

"Kukanta daidai da na kowace akuya."

"Tana ɗaukar mangala?"

"Kai dai ka faɗi abin da ke bakinka."

"Ina tambaya ne, don na ga ta fara kashin jaki. Kuma jakin mai ladabi ne, sai ya mulmula kafin ya ajiye. Ga ma shatin yatsa a jiki."

"To, mijin da aka kai ta wajensa ne ba na kirki ba. Daga danginku yake."

"Danginmu ai naku ne, uwata ƙanwar ubanki ce."

Ya tashi yana kakkaɓe hannu. Ta ce ina za shi, ya ce zai je ya gaida mai kulle. Bai nufi ɗaki ba. Hancinsa ya bi har bayan tsohon madafi, inda ta ɓoye ganyen makon jiya da na wancan makon a ƙarƙashin tabarma. Ya ɗaga tabarmar. Ganyen ya yi baƙi, ya kwanta, ko tsinke ɗaya ba a ci ba. Ya tura hannu ciki ya daɗe bai zaro ba.

Turai ta zauna a bakin turmi. Tsiwar duk ta zube.

"Leda ta ci," in ji ta a hankali. "Cikinta ya kumbura, ta daina tuƙa. Na kira mahauci kafin ta yi mushe. Da ya farke ta, abin da ya zaro ya kusa cika kwano. Ta ruwa, ta burodi, har da igiyar buhu. Iska ce ke kwaso su daga bola ta watso min ta katanga."

"Allah ya mayar da alheri. Amma me ya hana ki faɗa min? Ki zauna da girmanki kina mulmula kashin jaki?"

"In na faɗa maka, me zai ƙara kawo ka?"

Mustafa ya zaro hannunsa daga cikin ganyen. Ya dubi ɗakunan da ke kulle, ya dubi kofi ɗaya da kwano ɗaya da ke kife a gindin randa. Gidan ya yi tsit, ana jin kurciya daga can saman soro. Can sai ya gyara murya, ya ɗaure fuska.

"Amma ke muguwa ce. Kin ɓoye min dukiya."

"Wace dukiya?"

"Zo ki taɓa. Zo mana, ba ya cizo."

Ta taso ta sa hannu cikin ganyen, ta ji ɗumi kamar tuwon da aka rufe.

"Dahuwa yake yi da kansa," in ji shi. "Na daɗe ina roƙon masu gidajen can su ba ni lungu in haƙa rami in riƙa ruɓar da ganye, sun ce wari zai dami baƙinsu. Ke kuwa baƙi ba sa damunki."

"Allah ya isa."

"Can wajen turken zan haƙa. Ganye a ƙasa, toka daga murhunki, ɓawon albasa da na doya da duk abin da kike zubarwa, sai kashin jakin nan naki a sama. Amma ki daina yi masa kwalliya, a yadda ya fito ma ya isa. Yanzu ba sai na tsince ba, duk abin da almakashi ya yanko nan zan kawo."

"Wato gidana ne zai zama jujinka."

"Da ma akwai tsohon kaya a ciki, ƙari ne kawai."

"Ba ka da kunya. To na ji. Amma bawa ne zai haƙa, uwargijiya ba ta riƙe shebur."

"Na yarda, ranki ya daɗe. Yau dai bawan ne." Ya tuɓe hula ya rataye a kan turke. "Sai dai akwai wahala. Irin wannan takin ba ya son a bar shi. In ba a juya shi Asabar da Talata ba, lalacewa yake."

Turai ta girma a gidan manoma, ta san ba a taɓa yin takin da ke neman juyi haka ba. Ta kau da kai, ta goge ido da bakin mayafi, ta kwance ƙullin goronta ta zaɓi farin da ta fi so ta jefa masa.

"Karɓi, maƙaryacin banza. Ni kuma na ji masana sun ce har da Alhamis."

Ya cafe goron yana dariya. "Ashe kin fi ni sanin aikin. Ina shebur ɗin marigayi?"